Hutu A Tsibiri: A Kunna Akwatin Telebijin Ko A Bar Shi?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, amma ba su faɗa mana yadda za a yi ba idan gani biyu suka haɗu a ɗaki guda. Ga taga a buɗe tana fuskantar teku, jiragen masunta suna dawowa da la'asar sakaliya, ga kuma akwatin telebijin a kafe jikin bango, ɗan madanninsa yana ajiye a kan tebur kusa da gado, yana jiran hannun baƙo. Wanne ya kamata a ba ido?

Mai karatu yana iya cewa wannan magana ce ta waɗanda cikinsu ya cika, kuma ba mu musa ba. Sai dai duk wanda ya taɓa tara kuɗi shekara guda ko biyu don ya fita da iyalinsa na mako ɗaya tak, ya san abin ya wuce wasa. Kuɗin jirgi da na masauki ba sa dawowa, kwanakin hutun ma ba sa dawowa, kuma ba kowace shekara ake samun irin wannan dama ba. A otel-otel na tsibiran ƙasashe masu zafi an rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu masu masauki suna tallar yawan tashoshin da suke kamowa ta tauraron ɗan adam, waɗansu kuwa abin da suke alfahari da shi shi ne babu telebijin ko ɗaya a ɗakunansu, har ma sukan caji baƙo kuɗi mai tsoka saboda wannan rashin.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki tsibiri ɗaya mu auna maganar a kansa. Mun zaɓi Zanzibar, wadda ke cikin Tekun Indiya daura da gaɓar Tanzaniya, domin kuwa tsakaninta da telebijin akwai tsohon labari.

Tsibirin Da Ya Riga Babban Yanki

Abin da ake kira Zanzibar manyan tsibirai ne guda biyu, Unguja da Pemba, da waɗansu ƙanana kewaye da su. Unguja ita ce babba, tsawonta kimanin kilomita 85 ne, kuma a nan babban birni yake. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum cikin sa'o'i biyu. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan biyu.

A ranar 10 ga Disamba 1963 Zanzibar ta sami mulkin kai daga Ingila. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin da ya kawar da sarautar Sarkin Larabawa, Abeid Amani Karume ya zama shugaba. Ranar 26 ga Afrilu na wannan shekara Zanzibar da Tanganyika suka haɗe, aka sami Tanzaniya, amma tsibiran suka ci gaba da riƙe gwamnatinsu ta cikin gida. A nan ne ra'ayin shugabannin biyu ya bambanta a kan telebijin. Julius Nyerere, wanda ke mulkin ƙasar baki ɗaya, yana ganin telebijin kayan alatu ne da ƙasa matalauciya ba ta da halin ɗauka, ya fi son a ƙarfafa rediyo wadda ke isa kowane ƙauye. Karume kuwa ya ƙudura sai tsibirinsa ya sami tasha, don ilimantar da jama'a da kuma isar da saƙon gwamnati. An kashe shi ranar 7 ga Afrilu 1972 bai ga cikar aikin ba, amma a zamanin magajinsa Aboud Jumbe tashar Zanzibar ta fara aiki sosai a 1974, kuma da hotuna masu launi. Ana lissafa ta a sahun farko na tashoshi masu launi a Afirka kudu da Sahara. A Nijeriya, inda telebijin ya fara a Ibadan tun 1959, sai a tsakiyar shekarun 1970 ɗin nan ne tashar Jos ta buɗe hanyar hotuna masu launi.

Babban yankin Tanzaniya bai sami tashar telebijin ba sai a 1994. Wato shekara ashirin cur ɗan ƙaramin tsibiri yana kallo, ƙatuwar ƙasar da ke maƙwabtaka da shi tana saurare kawai. Mun kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya cire wani zato daga ransa, wato cewa tsibiri wuri ne da zamani bai taɓa ba, kuma telebijin baƙon abu ne da Turawa masu yawon buɗe ido suka shigo da shi. Mutanen Zanzibar sun san akwatin nan tun kafin a gina yawancin otel-otel ɗin da ke bakin tekunsu a yau. Saboda haka akwatin ba shi ne abin tuhuma ba. Abin tambaya shi ne abin da baƙo zai bayar kafin ya kalla, da kuma abin da zai samu in ya kalla.

Lissafin Sa'o'i

Zanzibar tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, kimanin digiri 6 kudu da shi. Ma'anar wannan ita ce dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara. Rana takan fito wajen ƙarfe shida, ta faɗi tsakanin shida da kwata da bakwai saura kwata, kuma da ta faɗi duhu ba ya jinkiri. Baturen da ya saba da dogon yinin bazara na ƙasarsa, inda haske ke kaiwa ƙarfe tara ko goma na dare, a nan ba zai same shi ba.

To, mu ƙaddara mutum ya zo hutun kwana bakwai. Hasken ranar da ya saya da kuɗinsa sa'o'i 84 ne, ba ƙari. A cire ranar zuwa da ranar komawa, waɗanda filin jirgin sama da mota ke cinye rabinsu. A cire tsakar rana, daga sha biyu zuwa uku, lokacin da zafi ke korar kowa zuwa inuwa. Abin da ya rage shi ne safiya da yamma, kuma su ne zinariyar tsibiri. Idan mutum ya ba akwati sa'o'i uku kowace rana, kamar yadda mutane da yawa suka saba a gida ba tare da sun lura ba, a mako ya ba shi sa'o'i 21, wato kusan yini biyu ke nan na hutunsa.

Mai gardama zai ce ai da dare nake kallo, ban taɓa hasken rana ba. A nan ma akwai magana. Agogon Tanzaniya yana gaban na Nijeriya da sa'o'i biyu, yana kuma gaban na Ingila da sa'o'i uku a lokacin hunturu. Wasan ƙwallon da aka take da ƙarfe takwas na dare a London, a Zanzibar ƙarfe sha ɗaya ne, ba kuma za a tashi ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya da rabi ba zai ga ketowar alfijir a gaɓar gabas ba, ba zai ga masunta suna sauke kifi ba, kuma jirgin da aka shirya zai fita da baƙi da sassafe zai tafi ya bar shi yana minshari. Ashe dare ma yana cin rana.

Bugu da ƙari, teku yana da nasa agogon wanda bai san da jadawalin kowace tasha ba. Sau biyu a yini da dare yakan cika ya janye, kuma kowace rana lokacin yakan ja baya da kimanin minti 50. A ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye yakan bar fili mai nisan gaske, har mutum ya taka da ƙafa inda ɗazu jirgi ke yawo. A wannan lokaci ne matan ƙauye suke shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a tsibirin tun wajen 1989, suna ɗaura tsiron a jikin igiyoyi tsakanin turaku, su girbe, su shanya, a sayar wa masu kai wa ƙasashen waje. Wanda ya tsaya sai fim ya ƙare, in ya fito sai ya tarar teku ya rufe gonar. Fim ɗin yana nan a gida in an koma. Gonar kuwa sai wanda ya zo.

Abin Da Ke Bayan Ƙofa

Ya kamata mu ɗan zana abin da mai zaman ɗaki yake bari a waje, don a san girman cinikin. A tsohon birni, wanda ake kira Birnin Dutse, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, lunguna ne ƙanana da mota ba ta shiga, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Tun da Sayyid Sa'id ya ƙaura da fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman zuwa nan wajen 1840, birnin ya zama kasuwar kanumfari da hauren giwa da bayi. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina majami'a a gurbinta, kuma har yanzu ana nuna wa baƙi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a harabar. A bakin ruwa ga gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda ake kira Baitul Aja'ib saboda shi ne gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rushe a Disambar 2020. A gaban wannan gida ne jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta ranar 27 ga Agusta 1896, a yaƙin da bai kai minti 45 ba, wanda ake cewa shi ne mafi gajarta a tarihi.

In aka fita gari, ga gonakin kayan ƙamshi inda mutum zai ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin itatuwansu, abubuwan da bai taɓa gani ba sai a busassu cikin tiren mai koli. Ga dajin Jozani mai jan biri irin wanda babu shi ko'ina a duniya sai a waɗannan tsibirai. Ga ɗan tsibirin Changuu mai manyan kunkuraye, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Can kudu, a Kizimkazi, akwai masallaci mai rubutun Kufi a bangonsa wanda ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, daidai da 1107. Can arewa, a Nungwi, har gobe masassaƙa suna ƙera jiragen katako da hannu, irin waɗanda iskar kaskazi ke korowa daga arewa maso gabas, iskar kusi kuma ta mayar da su.

Da magariba kuwa, daidai lokacin da hannu ke ƙaiƙayin ɗaukar madanni, a lokacin ne lambun Forodhani ke cika. Masu gashin kifi da jatan lande suna kunna fitilu, masu matse rake suna juya injinsu, samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa cikin teku. Duk wannan a buɗe yake ga wanda ya sa takalmi ya fito. Zuwa da kai, in ji Hausawa, ya fi saƙo.

Inda Akwatin Yake Da Rana

To, in haka ne sai a ce a zare waya daga bango a huta? A'a. Wanda ya yanke wannan hukunci ya manta cewa tsibiri wuri ne da ruwa ya kewaye, kuma hanyar fita ɗaya ce ko biyu: jirgin ruwa ko jirgin sama. Baƙon da ya toshe kunnensa gaba ɗaya ya sa kansa da iyalinsa cikin kasada.

Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra ta ƙasar Indonesiya, ta tayar da igiyar ruwan da ta hallaka mutum fiye da 220,000 a ƙasashe da dama, cikinsu har da dubban masu hutu a bakin tekun Thailand. Waɗanda ke kusa ba su sami gargaɗi ba. Amma igiyar ta ɗauki sa'o'i kimanin bakwai ko fiye kafin ta ƙetare teku ta iso gabashin Afirka, kuma a cikin waɗannan sa'o'i labari ya riga ruwa isowa. A Kenya, inda hukuma ta sami labarin ta kuma tashi mutane daga bakin teku, mutum ɗaya aka rasa. A Somaliya, inda igiyar ta fi ƙarfi kuma babu mai isar da gargaɗi ga ƙauyukan masunta, an rasa kusan 300. A irin wannan rana, minti biyar a gaban akwati sun fi duk wani yawon buɗe ido daraja.

Tsibirin Morishus, wanda ke can kudu maso gabas a cikin tekun nan, ya mayar da wannan al'amari doka da tsari, domin yana kan hanyar mahaukaciyar guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Gargaɗinsu mataki huɗu ne, ana shelanta shi a rediyo da telebijin. Na farko ana ba da shi tun da sauran kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Na biyu ana ba da shi yadda jama'a za su sami sa'o'i 12 na hasken rana su yi shiri, na uku sa'o'i 6, na huɗu kuwa yana nufin iska mai gudun kilomita 120 a sa'a ta riga ta iso. A Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa har ta yi awon gaba da motoci. Zanzibar ba ta cika ganin irin wannan ba, amma a watan Mayu na 2024, da guguwar Hidaya ta doso gaɓar Tanzaniya, sai da aka dakatar da jiragen ruwa tsakanin Darussalam da tsibirin. Wanda ke da tikitin jirgin sama a Darussalam washegari, bai kuwa ji sanarwa ba, shi ya san irin asarar da ya yi. Haka nan a Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa ƙasashe suka yi ta rufe iyakokinsu cikin 'yan kwanaki, masu hutu da yawa sun maƙale a tsibiran duniya, waɗanda suka bi labarai da wuri kuwa suka sami kujera a jiragen ƙarshe.

Rigakafi ya fi magani. Minti goma sha biyar da safe ko da dare, a ji hasashen yanayi da kanun labarai, ba su rage komai daga hutu ba. Sai dai a lura, tashoshin ƙasashen waje da ke maimaita labari ɗaya kowane rabin sa'a ba su ne za su faɗa maka ko jirgin Pemba zai tashi gobe ba. Wannan sai tashar gida, ko ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi. Matambayi ba ya ɓata.

Kallo Irin Na Masu Gari

Wannan ya kawo mu ga amfani na biyu, wanda yawancin baƙi ba su kula da shi. Idan har za a kunna, me ya sa za a tsallake tashar masu gari a tafi neman wadda aka baro a gida? Mutum ya yi tafiyar dubban kilomita, sa'an nan ya zauna yana kallon mai karanta labaran da yake gani kullum a falonsa, to, jikinsa ne kawai ya yi tafiya.

Bahaushen da ya murɗo tashar Zanzibar zai sha mamaki, domin harshen Suwahili ya sha daga rijiyar Larabci kamar yadda Hausa ta sha. Zai ji habari, ya gane labari ne. Zai ji asubuhi da dunia da hatari da siasa da Alhamisi da Ijumaa, ba mai buƙatar ya fassara masa. Ko kanumfarin da tsibirin ya shahara da shi, karafuu suke ce masa, kuma kalmomin biyu uwarsu ɗaya. Zai kuma koyi wani abu da zai hana shi makara: Waswahili suna fara ƙirga sa'o'i ne daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya a wurinsu, kuma idan aka ce labarai da saa mbili usiku, wato sa'a ta biyu ta dare, ƙarfe takwas ake nufi. Zai ga yadda suke bikin aure, da abin da ke damun manoman kanumfari, da irin tallar da ake yi musu. Zai ji kiɗan taarab, wanda Siti binti Saad ta ɗaukaka tun da ta je Bombay a 1928 aka ɗauki muryarta a faifai. Rabin sa'a na irin wannan kallo yakan buɗe wa baƙo ido, gobe in ya shiga kasuwar Darajani ya san abin da zai tambaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A tsakiyar Birnin Dutse akwai wata 'yar mahaɗa da ake kira Jaws Corner, inda maza ke zama a kan dakalan da suke kira baraza, suna shan baƙin gahawa a ƙananan finjalai, suna buga domino, suna tafka muhawarar siyasa. A wurin akwai telebijin na kowa da kowa. Ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwallon Darussalam guda biyu, Simba da Yanga, suka kara, duk inda akwati yake a tsibirin sai ka ga cincirindo. Baƙon da ya ce lalle sai ya ga wasa, to, ya fito ya gan shi a nan. Zai yi sallama, a matsa masa wuri, ya sayi gahawa, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya yi abokai. Wasan da zai kalla a ɗaki shi kaɗai, ƙofa a kulle, na'urar sanyi tana ruri, shi ne dai wannan wasan, amma ɗaya ya shigar da shi gari, ɗayan ya fitar da shi daga cikinsa. Idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, in ji magabata, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Ranar Da Tsibiri Ya Yi Shiru

Akwai tsibirin da ya ɗauke wa baƙi wahalar yanke shawara, ko da na yini ɗaya ne a shekara. A Bali ta ƙasar Indonesiya, inda yawancin jama'a mabiya addinin Hindu ne, ana shiga sabuwar shekararsu da ranar shiru da ake kira Nyepi, wadda yawanci takan faɗo a watan Maris. Daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na safiyar gobe ba a kunna wuta, ba a aiki, ba a tafiya, ba a shagali. Filin jirgin saman tsibirin yakan rufe na sa'o'i 24. Gidajen rediyo da telebijin sukan dakatar da shirye-shiryensu, kuma tun 2018 har intanet ta wayar hannu ake katsewa. Baƙo ba a tilasta masa ibadar kowa, amma ba zai fita harabar otel ba, kuma da dare sai ya ja labule ya rage haske, ga masu tsaron gargajiya suna zagaya tituna.

Abin lura shi ne wannan bai kori baƙi ba. Akwai ma masu daidaita tafiyarsu don ta faɗa a kan ranar, saboda a daren ne, da fitilun tsibirin suka mutu, taurari ke bayyana yadda mazaunin birni bai taɓa gani ba. Mutanen Unguja su ma sun ɗanɗana irin wannan duhu, sai dai ba da son ransu ba: daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 wayar lantarkin da ke zuwa ta ƙarƙashin teku daga babban yanki ta lalace, tsibirin ya yi wata uku sai da janareta. Wancan wahala ce da asara, ba abin sha'awa ba ne. Bambancin kawai shi ne na Bali an zaɓa, an kuma sa masa iyaka. Shiru da aka zaɓa hutu ne.

Yara, Ruwan Sama Da Akwatin Aljihu

Adalci ya sa mu ambaci lokutan da ba laifi a kunna don nishaɗi kawai. Daga Maris zuwa Mayu ake manyan ruwaye a Zanzibar, waɗanda suke kira masika, kuma ruwa yakan wuni yana zuba. Mai 'ya'ya uku ƙanana a ɗaki ɗaya a irin wannan yini, in ya sa musu wasan yara na sa'a guda, babu mai ganin baƙinsa. Haka wanda zazzaɓi ya kwantar, ko tsohon da ƙafa ba ta ba shi dama, ko wanda zafin tsakar rana ya koro. Hutu ba jarrabawa ba ne, kuma wanda ya yi shekara yana aiki yana da hakkin ya miƙe ƙafa. Abin da ake gudu shi ne na sa'a guda ya zama na yini, na yini ya zama na mako, har a wayi gari ranar haɗa kaya yara ba su san ko ruwan teku zartsi ne ba. Yara kuwa abin da suka ga uba yana yi suke yi. Maigidan da ya kafa wa 'ya'yansa doka alhali shi yana riƙe da madanni, ya san dokar ba za ta kwana ba.

Har wa yau, kada mai masaukin da ya cire telebijin daga ɗaki ya yi saurin yabon kansa, domin akwatin ya ƙanƙance ya koma aljihu. Wayar hannu tana kamo duk abin da na bango ke kamowa, kuma ta fi shi naci, tun da tana bin mutum har bakin ruwa, har kan teburin cin abinci. Sau nawa akan ga miji da mata zaune a kan rairayi, rana tana faɗawa cikin teku a gabansu, kowa ya sunkuyar da kai yana duban tafin hannunsa? Duk hukuncin da aka yanke wa na bango, to, ya hau kan na aljihu, har da ƙari.

Hukunci

In an tattara duka, shawararmu ga mai niyyar irin wannan tafiya ba ta da tsawo. Ya mayar da akwatin bara, kada ya bari ya zama ubangida. Ya ba shi rubu'in sa'a kowace rana don jin yanayin teku da halin da hanya take ciki, musamman in lokacin guguwa ne ko ana gobe zai hau jirgi. In ya ƙara, to, ya ƙara da tashar masu gari. In wasa ne ya ɗauke masa hankali, ya nemi inda jama'a ke kallo ya zauna cikinsu. Safiya da yamma kuwa ya hana wa akwati su ƙememe, na bango da na aljihu, domin su ne abin da ya biya kuɗi ya zo nema. Ya kuma yi wannan shawara da iyalinsa tun a gida, ba sai an shiga ɗaki yaro ya riga kowa ɗaukar madanni ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin da zai nuna ko an yi daidai yana nan zuwa ranar da aka dawo. 'Yan'uwa da maƙwabta za su zo barka da sauka, a raba tsarabar kanumfari da kirfa, sa'an nan wani dattijo ya gyara zama ya ce, to, Malam, ba mu labari, me ka gano? Wanda ya ga matan Jambiani cikin gonar teku, ya sha gahawa a kan baraza, ya ji ƙamshin kanumfari ɗanye a hannunsa, zai yi hira har dare ya raba. Wanda kuwa ya kwana bakwai gaban akwati, sai ya tarar duk abin da zai faɗa, waɗanda ya bari a gida sun riga sun kalla.